Jar Akuya da Majeman Sakkwato

Cikin dabbobi masu ƙashin baya da dukawan Sakkwato ke ɗinka fatarsu, tun daga saniya da tunkiya har kada da mesa, babu wadda ta kai sunan garin nesa kamar jar akuya, wadda 'yan Nijar ke kira akuyar Maraɗi. Bayan Muhammadu Bello ya kafa garin a 1809, fatake sun yi ta kwasar jemammiyar fatarta zuwa Kano, raƙuma su keta Sahara da ita ta Agadas da Gadamas har Tarabulus. Can Turai masu ɗaurin littattafai suka san ta da sunan fatar Maroko. Ba duka ce tamu ba, don birnin Fas na Maroko ma yana da majemansa tun fil azal, amma kaso mai tsoka daga ƙasar Hausa ya fito.

Wani zai ce ai darajar daga akuyar take, Allah ne ya yi fatarta da laushi da ƙwari. Haka ne, sai dai ɗanyar fata kwana kaɗan take yi ta fara wari. Barunde ne zai feɗe ta ba tare da wuƙa ta huda ta ba. Majemi ya jiƙa ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare ta tas, ya tsoma ta cikin dakakkiyar bagaruwa, ya yi ta murza da mai har ta yi liƙis, sannan karan dafi ya ba ta jan nan da ba ya koɗewa da wuri. Wannan gumin fataken ke saye.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kamfanoninsu suka koma sayen busasshiyar fata su kai Ingila a jeme ta can. Masu kare wannan sauyi kan ce ciniki ya ninka, makiyayi da dillali sun ga kuɗi. Ban musa ba. Amma ladan jima da rini, wanda shi ne ya fi tsoka, ya bi jirgin ruwa. Dukawan shiyar Madunka na nan suna ɗinka titimi da jaka da takalma, ga akuyar kuma a kowane gida, amma fata mafi kyau har gobe waje ake kai ta a ƙarasa aikinta.