Tarihin da Ke Cikin Akushi: Masaukai da Abincin Tsibirin Sisili

Manufata a wannan maƙala ita ce in ɗan tattauna tarihin tsibirin Sisili ta wata hanya da ba a saba bi ba, watau ta hanyar masaukan baƙi da abincin da ake kai musu. Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan ɗalibin Hausa da wurin shaƙatawar Turawa? To, a yi mini haƙuri a bi ni a sannu, domin akwai zumunci tsakaninmu da wannan tsibiri wanda yawancinmu ba mu san da shi ba.

Sisili shi ne tsibiri mafi girma a Bahar Rum. Yana ƙarƙashin ƙasar Italiya, amma tsakaninsa da gaɓar Tunisiya bai wuce kimanin kilomita 150 ba. A shekarar 827 rundunar sarakunan Aglabawa ta taso daga Tunisiya ta sauka a garin Mazara domin karɓe tsibirin daga hannun Rumawa. Abin sha'awa shi ne, jagoran rundunar malami ne, Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik. Littafinsa Asadiyya shi ne Sahnunu ya gyara har aka sami Mudawwana. Ashe ke nan garin da ya ba mu Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, shi ne ya tura wa Sisili jagoran yaƙi. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Palermo ta faɗi a 831, Sirakusa a 878, Taormina kuwa sai a 902.

Abin da Musulmi suka shuka a tsibirin ya fi mulkinsu daɗewa. Sun haƙa hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa a kewayen Palermo, suka yaɗa noman rake da lemon tsami da auduga. Har yau harshen mutanen wurin yana ba da shaida. Suna da wani irin inabi da suke kira zibibbo, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da zabibi namu. Suna yin wata alewar riɗi da zuma mai kama da kantu, suna kiranta giuggiulena, daga sunan riɗi da Larabci. Shugaban masu kamun manyan kifayen tuna a tsibirin Favignana kuwa, a da rais ake ce masa. A garin Trapani kuskus ne abincin alfahari, sai dai da romon kifi suke cinsa maimakon naman rago.

Na taɓa kwana uku a wani ƙaramin masauki a tsohuwar unguwar Kalsa da ke Palermo, irin waɗannan otal-otal na ƙawa da ɗakunansu ba su da yawa, waɗanda akan gyara daga tsofaffin gidajen masu sarauta. Sunan unguwar kansa daga al-Khalisa ya fito, watau ganuwar da gwamnonin Fatimiyawa suka gina a 937. A nan aka kawo mini taliya da kifin sadin da zabibi da za'afaran, mai kawo abincin kuma ya ba ni labarin cewa wani kukun rundunar Larabawa ne ya fara haɗa ta. Wannan dai almara ce irin ta jawo ciniki. Amma akwai tabbataccen zance game da taliyar kanta, domin masanin ƙasa al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia, gabas da Palermo, ana yin itriyya da yawa, har ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista.

Shi wannan al-Idrisi ya kammala littafinsa da taswirar duniya a 1154, a fadar Sarki Roja na Biyu. Lokacin nan mulki ya riga ya koma hannun Normawa, waɗanda suka ci Palermo a 1072, suka gama da garin Noto a 1091. A cikin littafin nan da aka rubuta a Sisili akwai bayanin Gana da Gawo da Kanem da Kawar, ƙasashen maƙwabtanmu. Normawa ba su rushe abin da suka tarar ba. Sun ci gaba da amfani da Larabci a ofisoshinsu da kuma jikin kuɗinsu.

Idan ana maganar baƙi da masauki, babu shaidar da ta kai ta Ibn Jubair, mutumin Andalus. Yana dawowa daga aikin hajji jirginsu ya karye kusa da Messina a ƙarshen 1184. Ya sauka a wani funduƙi a Palermo, watau masaukin fatake mai ɗakunan kwana da rumbunan kaya, kwatankwacin gidan fatoma a kasuwanninmu. Daga wannan kalma Italiyawa suka sami fondaco. Ya faɗi cewa babban kukun Sarki Wiliyam na Biyu Musulmi ne, kuma matan Kirista na birnin suna ado irin na Musulmi. Amma bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin ya gamu da ma'aikatan fada da ke ɓoye addininsu, da iyayen da ke zaman ɗar-ɗar game da makomar 'ya'yansu. Tsoron nasu bai zama banza ba. Daga wajen 1223 Sarki Firedirik na Biyu ya fara kwashe Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera a cikin Italiya, a 1300 kuma aka watsa wannan mazauni, aka sayar da da yawa daga mutanensa bayi. Mutane suka tafi, girkinsu ya zauna.

Baƙuncin shaƙatawa irin na yau daga baya ya zo. A ƙarni na 18 'ya'yan masu hali na Turai suka ɗauki al'adar yawon buɗe ido zuwa Italiya, marubucin Jamus Goethe ma ya zagaya Sisili a 1787. Taormina, mai kallon teku da dutsen Etna mai aman wuta, ita ta fi jan su. An buɗe otal ɗin Timeo a can a 1873, sa'an nan a 1896 aka mayar da wani tsohon gidan ibada na San Domenico ya zama otal. Wannan dabara ta mayar da tsohon gini masauki ita ce ta yaɗu har ta haifi ƙananan otal-otal na yau. A 1998 garin San Vito Lo Capo ya fara bikin kuskus na shekara-shekara, a 2015 kuma UNESCO ta sanya gine-ginen Larabawa da Normawa na Palermo cikin kayan tarihin duniya.

Ni a ganina wannan ciniki yana da amfani, yana kuma da illa. Amfaninsa shi ne kuɗin baƙi yana raya gine-ginen da da sun rushe, yana kuma tuna wa Turai zamanin da ta ci daga hannun Afirka. Illarsa ita ce tarihin da ake sayarwa akan tace shi, a bar zaƙi a zubar da ɗaci. Baƙo zai ji labarin lemo da za'afaran, amma da wuya ya ji na Lucera. Bugu da ƙari, akwai wasu baƙin da ba a shimfiɗa wa tabarma. Tsibirin Lampedusa yana cikin lardin Sisili, kuma a ranar 3 ga Oktoba 2013 mutane fiye da 360, yawancinsu 'yan Eritiriya, suka nitse kusa da gaɓarsa. Matasa da yawa na Afirka ta Yamma sun bi ta Agadas zuwa Libiya suna neman wannan gaɓa.

Daga ƙarshe, jan hankalina ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, tarihi ba a littattafan sarakuna kaɗai yake ba. Yana cikin sunan abinci, da sunan unguwa, da tsarin masauki. Mu ma muna da namu. Wa ya bi diddigin alkaki da nakiya da gurasa, ko tarihin fatomomin Kasuwar Kurmi? Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Idan ba mu rubuta da kanmu ba, wata rana wani zai tace mana shi ya sayar mana.