Baƙo da Ɗan Gida a Aikin Man Fetur na Cadi

Garin Njamena baƙi ne suka raya shi tun farko. Faransawa suka kafa shi a shekarar 1900 da sunan Fort-Lamy, sai a 1973 Shugaba Tombalbaye ya sake masa suna. Cikin waɗanda suka zauna a nan akwai Hausawa: fatake, mahauta, madinka, da matafiya zuwa gabas waɗanda guzurinsu ya ƙare a hanya. A lokacin, sana'ar mutum ita ce takardarsa.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, kowace ƙasa ta fara tambaya: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Mun ga zafin wannan tambaya a Janairu 1983, sa'ad da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu daga Nijeriya. Mutanen Cadi da yawa suka dawo ta Kusiri da kayansu a kā.

Da mai ya fito, sai lamarin ya juya. A Oktoba 2000 kamfanin Esso da abokansa suka fara shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kiribi a bakin teku a Kamaru, mai kuwa ya fara gudu a 2003. Samari suka yi ta tururuwa zuwa Kome neman aiki. Yawancin waɗanda aka ɗauka lebura ne, ko gadi, ko tuƙi. Aikin injiniya da waldar bututu, inda albashi yake da tsoka, galibi daga waje aka kawo masu yinsa. Da aka gama gini, aikin lebura ya ƙare. Matatar Jarmaya ma, wadda aka buɗe a 2011, kamfanin ƙasar Sin ne ya gina ta da gwanayensa.

Ba wai babu doka ba. An ƙayyade cewa baƙi kada su wuce biyu cikin ɗari na ma'aikatan kamfani, kuma ofishin ONAPE ke ba baƙo izinin aiki. Amma dokar ta bar ƙofa: idan kamfani ya nuna babu ɗan ƙasa da ya iya aikin, yana iya neman ƙari. Shekarun yaƙi kuwa sun riga sun durƙusar da makarantunmu, don haka ƙofar ta daɗe a buɗe.

A 2023 gwamnati ta karɓe rijiyoyin Doba suka zama na ƙasa. To, rijiya tamu ce, saura masu ja da guga. Akwai makarantar koyon aikin mai a Mao, amma ita kaɗai ba za ta isa ba.

'Yan'uwa, doka tana iya ajiye wa yaro kujera, ba ta iya koya masa walda. Mu da kakanninmu suka zo nan baƙi, bai kamace mu mu ƙi baƙo ba. Gara mu roƙi a sa ɗanmu kusa da shi ya koya, mu kuma biya kuɗin makarantar sana'a tun yaro yana ƙarami.