Kududdufan Birnin Kano

A manyan biranen duniya ana biyan kuɗi a shiga gidan kallon kifaye, a tsaya bayan gilashi. Mutanen cikin birnin Kano sun daɗe da irin wannan kallo kyauta a bakin kududdufi, kuma ina ganin kududdufai sun cancanci a lissafa su cikin kayan tarihi kamar ganuwa. Ai asalinsu ɗaya. Tun da Sarki Gijimasu ya fara ganuwa wajen ƙarni na 12, duk ƙasar da magina suka haƙa don tubali ta bar rami, damina ta cika shi. Da wani matafiyi Bature mai suna Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ruwan Jakara ya ratsa tsakiyar gari, daf da Kasuwar Kurmi. A irin wannan ruwa yaro ke fara ganin tarwaɗa tana motsa gashin bakinta a ƙarƙashin kainuwa, ya kuma ji labarin gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka ta yi rani cur tana jiran ruwan sama.

Za a ce kududdufi matattarar sauro ce da shara. Gaskiya ne, kuma zazzaɓi ba abin wasa ba ne. Sai dai sharar mu muka zuba, kuma yashewa na maganinta. Cikewa da gini a kai kuwa ya raba unguwanni da mazubar ruwansu, shi ya sa ruwan Agusta ke bin lunguna yana jiƙa gindin katangun ƙasa har su zube.