Yadda Tauraro Ya Tona Asirin Baƙin Rami

Jama'a, baƙin rami gawar tauraro ce wadda ƙarfin janta ba ya barin ko haske ya kuɓuta. To, ta yaya za a shaida abin da ba ya ganuwa? A 1964 wani roka na Amurka ya tsinkayo hasken eksire daga wurin da aka laƙaba wa Cygnus X-1. A 1972 Webster da Murdin a Ingila, da Bolton a Kanada, suka nuna cewa wani ƙaton tauraro a can yana kewaya ɓoyayyen aboki kowane kwana 5.6. Saurin kewayar ya tona nauyin abokin, wanda awon 2021 ya nuna ya ninka na rana sau 21. Duhu mai wannan nauyi kuwa, sai baƙin rami. Labarin zuciya, a tambayi fuska.