Kuɗin Udoji: Yadda Aka Sarrafa Dukiyar Ba-Zata a Nijeriya a 1975

A tarihin aikin gwamnati a Nijeriya babu kuɗin da ya shiga hannun ma'aikata ya bar suna kamar wanda aka soma biya a farkon shekarar 1975, wato ƙarin albashi da ariyas ɗinsa, waɗanda jama'a suka haɗa suka laƙaba musu sunan Udoji. Ariyas shi ne bashin da ma'aikaci yake bin wanda ya ɗauke shi aiki idan aka yi masa ƙarin albashi aka kuma ce ƙarin ya fara aiki tun wani lokaci da ya wuce, sai a lissafa bambancin watannin a ba shi a dunƙule. Dubban ɗaruruwan mutane, daga masinja da leburan ma'aikatar ayyuka har zuwa babban sakatare, sun wayi gari da kuɗin da ba su taɓa riƙe irinsa lokaci guda ba, kuma kowannensu ya fuskanci tambayar abin da zai yi da shi. Hukuncin da aka saba yanke musu shi ne cewa banza ce ta faɗi suka yi almubazzaranci da ita, amma wannan hukunci yana bukatar a sake dubansa, domin ya ɗora laifin a kan wanda ya fi kowa ƙarancin zaɓi.

Asalin lamarin shi ne hukumar bincike da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972 a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji, tsohon ma'aikacin gwamnati daga gabashin ƙasar, aka ɗora mata aikin nazarin tsarin aikin gwamnati gaba ɗayansa: yadda ake ɗaukar ma'aikata, da horar da su, da auna ƙwazonsu, da biyansu. Hukumar ta miƙa rahotonta a watan Satumba na 1974, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa gyaran hanyoyin gudanar da aiki ne, tare da sabon tsani na bai-ɗaya mai matakai 17 da za a jera dukkan ma'aikata a kansa. Sai dai tsakanin kafa hukumar da miƙa rahoton duniya ta juya, domin yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba 1973 ya sa farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kimanin dala 12 cikin 'yan watanni, a daidai lokacin da Nijeriya take haƙo fiye da ganga miliyan 2 a kowace rana. Ita kanta gwamnatin ke nan ta riga ma'aikatanta samun kuɗin ba-zata. A watan Disamba na 1974 ta bayyana amincewarta da ƙarin, ta kuma mayar da ranar fara aikinsa baya zuwa 1 ga Afrilu 1974. Masu nazari da yawa sun alaƙanta wannan karamci da halin siyasa, tun da a ranar 1 ga Oktoba ta wannan shekara Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, kuma yana bukatar goyon bayan ma'aikata da mutanen birane.

Girman abin ya fi fitowa idan aka dubi na ƙasan tsani. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, wato daga naira 26 zuwa naira 60 a wata, kuma idan aka tara bambancin naira 34 na watanni tara daga Afrilu zuwa Disamba sai ya zama naira 306, abin da ya yi kusa da albashin shekara guda cur a tsohon lissafi. Mutumin da ya saba cin bashin hatsi kafin ƙarshen wata shi ne aka damƙa wa wannan kuɗi a rana ɗaya, kuma cikin nairar da ba ta wuce shekara biyu da fitowa ba, wadda har lokacin mutane da yawa suke mayar da ita fam da sule a zuci kafin su gane nauyinta.

Al'ummar Hausawa ba baƙuwa ba ce ga batun dukiyar da ta zo ba tare da an shirya mata ba, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sun rarrabe nau'o'inta. Tsintuwa, wadda malamai ke kira luƙaɗa, ana yin cigiyar mai ita har shekara guda kafin wanda ya tsinta ya taɓa ta. Rikazi, wato dukiyar mutanen zamanin jahiliyya da aka tono a binne, ana fitar da humusinta, ɗaya bisa biyar, nan take. Akwai kuma fa'ida, wato sabuwar dukiya da ta shigo ta hanyar gado ko kyauta ko lada, wadda zakka ba ta hau kanta sai ta kai nisabi ta kuma shekara a hannun mai ita. Kuɗin Udoji a wannan rukuni na ƙarshe ya faɗo, domin haƙƙin aiki ne, halal ne tsantsa, babu cigiya a kansa kuma babu humusi. Abin da shari'a ta bari a buɗe sai al'ada ta cika shi, ita kuwa al'ada tana ganin duk wanda Allah ya buɗa wa da rabon wasu a hannunsa: iyaye a ƙauye, da ƙannen da ake ɗawainiyar karatunsu, da surukai, da maƙwabcin da ya taɓa ba da rance, da malamin da ake neman addu'arsa. A da mutum yana iya rufa wa samunsa asiri ya raba yadda ya ga dama, amma wannan samu gidajen rediyo da jaridu ne suka yi shelarsa makonni kafin a biya, saboda haka babu ma'aikacin da ya isa ya ce bai samu ba, kuma kusan kowa ya san adadin da ya samu.

Bayan rabon dangi da biyan bashi, abin da ya rage ya tafi ne ga kayan da ma'aikaci ya daɗe yana hange. Babur shi ne kan gaba, musamman Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa, sai rediyo mai kaset, da agogon hannu, da fanka, da firji da akwatin talabijin ga waɗanda gidajensu ke da lantarki. Manyan ma'aikata sun nufi mota, a shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motocinsa a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Samari sun haɗa lefe sun yi aure, magidanta da dama sun ƙara mata, wasu sun sauke rufin azara ko na ciyawa sun buga kwano, wasu sun sayi fili a bayan gari ko gona ko shanun huɗa sun bar wa 'yan'uwa a gida. Kujerar Makka ma ta samu kaso mai tsoka a waɗannan shekaru na yalwar mai, har gwamnati ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 alhazan Nijeriya suka haura 100,000, kuma sau da yawa wanda aka biya wa kujerar tsoho ne ko tsohuwa, ɗansu ma'aikaci ya ga dama ta samu ta sauke nauyin da ke wuyansa.

Kasuwa ba ta jira ranar biya ba. Tun da aka yi shelar ƙarin masu gidajen haya da direbobi da 'yan tireda suka ɗaga farashi, suna cewa su ma sai sun karɓi nasu Udojin, kuma a wajensu hujja ce mai ƙarfi, tun da su ma a kasuwa ɗaya suke sayen abinci. Ma'aikatan kamfanoni, waɗanda hukumar ba ta shafe su kai tsaye ba, sun shiga yajin aiki suna neman a yi musu daidai da na gwamnati, kamar yadda ma'aikatan masana'antun Kano suka yi a 1971 a kan ƙarin albashin hukumar Adebo, wadda ta gabaci ta Udoji, yajin da Paul Lubeck ya yi nazarinsa a littafinsa kan Musulunci da 'yan ƙwadagon birni a arewacin Nijeriya. Likitoci da injiniyoyi da sauran ƙwararru su ma sun yi bore saboda matakin da aka ajiye su a sabon tsanin, har sai da aka naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin Akintola Williams don sauraron ƙorafe-ƙorafe. Kuɗi ya yi yawa a hannu alhali kayan da ke kanti da rumfa ba su ƙaru ba, kuma hauhawar farashi a 1975 ta kai kusan kashi 34 cikin 100.

Wannan adadi shi ne ya kamata a riƙe kafin a zargi ƙaramin ma'aikaci. Hikimar da iyaye suka gada game da samu na ba-zata ita ce a danne zuciya, a ajiye, a yi shawara, kuma hikima ce ingantacciya a zamanin da kuɗi ke riƙe darajarsa. A shekarar 1975 kuwa wanda ya ƙulle nairarsa a akwati ya yi asarar kusan rubu'in abin da za ta iya saya kafin shekara ta zagayo. Banki bai zama mafita ba, domin rassansa a manyan garuruwa suka taru, shirin kai bankuna karkara sai a 1977 aka soma shi, ruwan da ake bai wa mai ajiya bai kama ƙafar hauhawar farashi ba, kuma Musulmi da yawa suna ƙyamarsa saboda riba. Mutumin da ya ruga ya sayi babur a watan Fabrairu ya saye shi ne da araha fiye da wanda ya tsaya nazari har damina, kuma babur ɗin ya rage masa kuɗin mota, ya kai mara lafiya asibiti, ya kai shi gona ranar hutu. Ba a musun cewa an yi ɓarna, an kashe kuɗi a shaye-shaye da liƙi da auren da bai yi ƙarko ba, kuma wanda ya sa nasa a fili ko gida ko dabba ya fi wanda ya sa a kayan ƙawa cin riba nesa ba kusa ba. Amma gaggawar da ake yi wa kallon wauta, a mafi yawan lokuta, lissafi ne na mutumin da ya ga kuɗinsa yana narkewa a hannunsa.

Wanda ya ɗauki nauyin wannan biki bai samu gayyata ba, shi ne manomi. Arewacin ƙasar bai gama farfaɗowa daga farin 1972 zuwa 1974 ba, wanda ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi masu yawa, sai ga annobar da ƙwari ke yaɗawa ta tsumburar da gyaɗa a 1975, dalar gyaɗar Kano kuma ba ta sake tashi kamar da ba. Manomi bai karɓi ariyas ba, amma ya sayi gishiri da kananzir da atamfa da sabon farashi, ya ci gaba da biyan haraji, wanda a jihohin Kano da Kaduna sai a 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke shi. Ladan ƙwadago a gona ya tashi saboda samari sun ga leburan gini a birni yana samun abin da kaka ba ta bayarwa, 'yan cirani da yawa suka daina komawa gida da faɗuwar ruwa, ƙasar kuma ta ƙara dogara da shinkafa da alkamar waje.

Idan ana neman almubazzaranci na haƙiƙa, a ofisoshin da suka raba kuɗin ya kamata a duba. A wannan lokaci ne hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, kusan miliyan 16 daga ciki na ma'aikatar tsaro, alhali tashar jiragen ruwan Legas ba ta da ƙarfin sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi jerin gwano a teku wata da watanni, ƙasa tana biyan masu su kuɗin jira, wato tarar da ake ci idan jirgi ya wuce kwanakin da aka ɗibar masa bai sauke kaya ba, simintin da yawa ya daskare a cikin jiragen, sauran kayan masarufi kuma suka rasa hanyar shigowa, abin da ya ƙara wa farashi wuta. Masinjan da ya sayi rediyo da nairarsa 306 aƙalla ya san abin da ya saya, ya kuma ga amfaninsa. Gwamnati ita ce take da masana da alƙaluma da ikon jinkirtawa, tana iya raba biyan kashi-kashi, ko ta mayar da wani ɓangare na ariyas ɗin ajiya ko rancen gina gida, kuma tana iya ɗaure ƙarin da gyaran aikin da rahoton ya fi mayar da hankali a kai. Ta ɗauki albashin ta bar gyaran, kuma wannan zaɓi nata shi ne ya ƙuntata zaɓin kowane ma'aikaci da ke ƙarƙashinta.

Kuɗin bai saya wa gwamnatin kwanciyar hankalin da ta nema ba. A ranar 29 ga Yuli 1975, Gowon yana halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, sojoji suka kifar da shi, Murtala Muhammad ya hau mulki, kuma cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin rashawa ko rashin ƙwazo ko tsufa, cikinsu har da waɗanda suka ɗauki sabbin ɗawainiyoyi bisa dogaro da sabon albashi. Tsanin nan mai matakai 17 ya zauna, har yau a kansa ake jera ma'aikatan gwamnati, amma naira 60 ɗin da aka yi wa murna ba ta daɗe tana riƙe gida ba. A watan Mayu na 1981, shekara shida kacal bayan biyan ariyas ɗin, ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta kira yajin aikin gama-gari tana neman naira 300 a wata, gwamnatin Shehu Shagari kuma ta amince da naira 125.