Ƙirƙirarriyar Basira da Makomar Sakandare a Karkarar Arewacin Kano

Wani ra'ayi ya fara samun gindin zama a tsakanin masana ilimi, cewa ƙarancin malamai a sakandaren karkara ya kusa zama tarihi, tunda ƙirƙirarriyar basira za ta bai wa kowane ɗalibi malaminsa a cikin waya. Hujjar da aka fi kafawa ita ce gwajin Bankin Duniya a jihar Edo a 2024 (De Simone da wasu, 2025), inda ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare suka yi mako 6 suna koyon Turanci da manhajar GPT-4 bayan tashi daga makaranta, sakamakonsu kuma ya ɗara na takwarorinsu. Wannan maƙala ba ta musanta sakamakon ba. Abin da take ja da shi shi ne hukuncin da aka ɗora a kansa.

A birnin Benin aka yi gwajin, cikin ɗakunan kwamfuta, ɗalibai bibbiyu, malamai na tsaye a kansu suna jan ragamar darasi tare da lura da kurakuran na'ura. Ke nan abin da aka auna shi ne malami tare da na'ura. Inda aka raba na'urar aka zuba ido, kamar shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro a ƙauyukan Peru, lissafi da karatu ba su motsa ba (Cristia da wasu, 2012).

Mai ja zai ce a makarantar da ba ta da malamin kimiyya ko ɗaya, a Kunchi ko Tsanyawa ko Makoda, da babu gara ba daɗi. Wannan suka ce mai nauyi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Sai dai ta ɗauka cewa ɗalibin zai iya gane lokacin da na'ura ta yi masa ƙarya, alhali yaron da har yanzu yake kokawa da karatun Turanci shi ne mafi nisa daga wannan iyawa, Hausar manhajojin kuma ba ta kai Turancinsu ba. Ta kuma ɗauka cewa wayar tasa ce. A galibin gidajen noma, wayar ta uba ce ko ta yaya, cajinta sai an biya a shago, data ma da kuɗinta, ɗiya mace kuwa ita ce ta ƙarshe a layi. Da wuya a ce wayar da ke yawo tsakanin gona da kasuwa za ta riƙe darasi da damina.

A nan ya dace in taƙaita da'awata ga abin da hujja ta kai. Sauyin da ya tabbata ta ƙofar jarrabawa ya shigo: JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, a 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da cewa WAEC da NECO za su bi sahu. Ɗan karkarar da bai taɓa riƙe kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yana amsa tambaya biyu ne a lokaci guda: ta darasi da ta sarrafa na'ura.

Yanayin zaman yankin na iya zama mafita. Cunkoson ƙauyukan da aka daɗe da bayyanawa (Mortimore da Wilson, 1965) yana nufin makarantu na kusa da juna, ta yadda cibiya ɗaya mai wutar sola za ta iya karɓar makarantu da dama bi da bi, ƙarƙashin malamai horarru. Kano ta san amfanin tattara ƙarfi wuri guda tun buɗe makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa a 1977, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi a kusa don horar da malaman. Dokar ta-ɓaci a kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a 2024, a ganina, da wannan ma'auni ya kamata a auna ta: malamai nawa ne a karkara suka iya koyarwa da kwamfuta, ɗalibai nawa, musamman mata, suka yi aiki da ita kafin su shiga aji shida.