Rabin Awa a Cikin Da'ira: Tarihin Gidajen Motsa Jiki na Mata Zalla

Gidajen motsa jiki na mata zalla, waɗanda ake jera na'urori a cikinsu a da'ira, mace ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kammala cikin rabin awa, sun samo asali ne daga haɗuwar abubuwa biyu da tun farko ba ruwan ɗaya da ɗaya. Na farko dabarar horar da jiki ce da aka tsara wa ɗalibai a wata jami'a a Ingila, na biyu kuma tsohuwar kasuwar rage ƙiba ce da ta daɗe tana cin kuɗin matan Amurka. Mai son ya auna ko waɗannan gidaje sun dace da macen da ta fara motsa jiki da niyyar rage nauyi, dole ya bi sawun tushen nan biyu, domin abin da gidajen suka iya da abin da suka kasa duk daga can suka gada.

Dabarar, wadda ake kira atisayen zagaye, R. E. Morgan da G. T. Adamson ne suka tsara ta a Jami'ar Leeds a shekarar 1953, suka kuma bayyana ta a littafin da suka wallafa a 1957. Matsalar da ta dame su irin ta malaman wasanni ce a ko'ina: ɗalibai da yawa, ɗaki ɗaya, kayan aiki kaɗan, ga shi kuma ƙarfin kowa daban. Sai suka kasa ɗakin zuwa zango 9 zuwa 12, kowane zango da irin motsin da ake yi a cikinsa, aka jera su ta yadda idan wannan ya gajiyar da hannu na gaba zai koma kan ƙafa ko ciki, ɗalibi kuma ya wuce daga wannan zuwa wancan ba tare da dogon hutu ba. Amfanin rashin hutun shi ne bugun zuciya ba ya samun damar sauka, saboda haka ana ƙarfafa tsoka ana kuma horar da zuciya da huhu a lokaci guda. Akwai wani sashe na tsarin da ya kamata a riƙe, domin shi ne ya salwanta daga baya. Sukan fara gwada kowane ɗalibi su ga iyakar adadin da zai iya yi a kowane zango, su ɗora masa rabin wannan adadi, ya zaga da'irar sau 3 ana rubuta lokacinsa, idan jikinsa ya saba a sake gwada shi a ƙara masa. Ƙarin wahala a kai a kai shi ne ƙashin bayan tsarin, rage ƙiba kuwa ko kaɗan ba ta cikin manufarsa, don haka makarantu da rundunonin soja da masu horar da 'yan wasa ne suka fara rungumarsa.

A daidai wannan zamani, abin da ake sayar wa matan Amurka da sunan gyaran jiki wani abu ne dabam. Kamfanoni irin su Slenderella a shekarun 1950, da Elaine Powers bayansa, sun buɗe ɗaruruwan shagunan gyaran sura, inda ake kwantar da mace a kan gado mai jijjiga ko a ɗaura mata ɗamara mai girgiza ƙugu, bisa da'awar cewa girgizar tana narkar da kitse. Ba ta narkar da komai, amma ta dace da tunanin lokacin, wanda yake ganin gumi da ɗaga ƙarfe bai kamaci mace ba, har ana tsoratar da ita cewa jikinta zai koma na maza. Wannan tunani ya fara rushewa bayan littafin likita Kenneth Cooper na 1968, wanda ya yaɗa motsin da ke sa zuciya da huhu aiki na tsawon lokaci, sai rawar motsa jiki ta Jazzercise da Judi Sheppard Missett ta fara a 1969, da dokar 1972 da ta hana nuna wa mata bambanci a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, har zuwa faifan bidiyon Jane Fonda na 1982. Mata sun fara zufa a bainar jama'a, amma manyan gidajen motsa jiki na shekarun 1980, masu bango cike da madubai da samari masu murɗaɗɗen jiki da 'yan mata cikin matsattsun kaya, sun bar wani babban rukuni a waje: macen da ta haura shekara 40, mai ƙiba, wadda rabonta da wasan motsa jiki tun tana makaranta, wadda kuma kunyar a kalle ta ta fi mata wahalar atisayen nauyi.

Wannan mace ce Gary Heavin da matarsa Diane suka nufa da gidan Curves na farko, wanda suka buɗe a 1992 a Harlingen, wani gari a kudancin jihar Texas kusa da iyakar Meziko. Ba su ne suka fara ware wa mata gidan motsa jiki ba, domin Lucille Roberts ta riga su a birnin New York, shi kansa Heavin ya taɓa kafa jerin irin waɗannan gidaje suka karye a shekarun 1980. Darasin da ya ɗauka daga karayar shi ne ya zubar da duk abin da ke cin kuɗi: babu wurin ninkaya, babu ɗakin wanka, babu jerin ƙarafa masu nauyi, sai ƙaramin shago da na'urori a da'ira suna fuskantar juna, da alluna a tsakaninsu inda mace za ta taka a wuri ɗaya kafin ta hau na'ura ta gaba. Kiɗa yana tashi, duk bayan daƙiƙa 30 wata murya da aka naɗa ta ce a canja zango, lokaci zuwa lokaci kuma ta ce a tsaya a ƙirga bugun zuciya. An san gidajen da kirarin cewa babu maza, babu madubi, babu kwalliya, kuma duk mai nazarin kirarin zai ga cewa a cikin abubuwan nan uku ba wanda ya shafi tsoka ko kitse, dukansu maganin kunya ne.

Na'urorin su ne zuciyar al'amarin, kuma sun cancanci a ɗan tsaya a kansu. Ba sa amfani da ƙarfen da ake ɗagawa, suna aiki ne da matsin mai, wato akwai fistin a cikin bututu mai ɗauke da mai, idan aka tura hannun na'urar sai fistin ya tilasta wa man bi ta wata ƙaramar kafa. Kamar mai tafiya cikin ruwa ne, idan ya taka a hankali ruwan ya ba shi hanya, idan ya yi sauri ya tokare shi. Wannan ya haifar da fa'idodi na gaske ga sabuwar shiga. Ba ta buƙatar sanin nauyin da za ta zaɓa, babu ƙarfen da zai suɓuce ya faɗo mata, 'yar shekara 30 da 'yar shekara 70 za su hau na'ura ɗaya bi da bi ba a gyara komai ba, kowace na'ura kuma tana sa tsokoki biyu masu gaba da juna aiki, ɗaya wajen turawa ɗaya wajen jawowa. Bugu da ƙari, ciwon jikin da ke kama mutum kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye yawanci yana zuwa ne daga lokacin da tsoka take miƙewa tana riƙe da nauyi, misali wajen sauke ƙarfe a hankali, wannan sashe kuwa babu shi a na'urar mai, don haka mace takan koma gida ba tare da tsamin jikin da ke korar mutane da yawa tun makon farko ba. Sai dai inda fa'idar take nan aibin yake. Tunda wahalar ta dogara ga saurin mai turawa, macen da ta ga dama za ta iya zaga da'irar shekara guda tana hira da maƙwabciyarta, jikinta bai taɓa fuskantar abin da ya fi na jiya ba. Gwajin nan da ƙarin wahala da malaman Leeds suka gina tsarinsu a kai, shi ne abin da aka sadaukar domin sauƙi.

A 1995 kamfanin ya fara sayar da izinin buɗe rassa da sunansa, wato mai ɗan jari ya biya kuɗi a ba shi suna da na'urori da tsarin aiki, ya kuma riƙa biyan wani kaso duk wata. Reshen farko na wannan tsari a garin Paris na Texas aka buɗe shi, kuma da yake jarin kaɗan ne, sai rassan suka bazu a ƙananan garuruwan da manyan gidaje ba su damu da su ba, da yawa daga masu buɗe su ma matan da suka fara zuwa a matsayin mambobi ne. Zuwa 2006 adadinsu ya kai kimanin 10,000 a faɗin duniya, masu kwaikwayo kuma suka yi ta ɓullowa, cikinsu har da Mrs.Sporty da aka kafa a Jamus a 2004 da hannun shahararriyar 'yar wasan tanis Steffi Graf. Ga mai karatu a ƙasar Hausa, inda ware wa mata wurinsu ba baƙon abu ba ne, abin mamakin zai zama cewa a Amurka sai da aka je kotu a kan haka. Wani lauya ya yi ƙarar gidan Healthworks da ke Boston saboda an hana shi shiga, a 1997 kotu ta ba shi gaskiya, sai da majalisar jihar Massachusetts ta gyara doka a 1998 kafin gidajen jinsi ɗaya su samu gindin zama. A Saudiyya kuwa matsalar ta bi ta wata fuskar, domin sai a 2017 hukuma ta fara ba gidajen motsa jiki na mata lasisi.

Batun rage ƙiba, wanda da shi aka fi tallata gidajen, lissafi ne yake warware shi. A 2005 ƙungiyar ACE, mai ba masu horar da motsa jiki takardar shaida a Amurka, ta sa masu bincike a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse suka auna abin da mace ke ƙonawa a zagayen rabin awa, suka samu matsakaicin kalori 184, kalori kuwa shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa jiki kuma yake kashewa. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori kusan 7,700, saboda haka mai zuwa sau 3 a mako, kamar yadda kamfanin ya tsara, za ta shafe makonni kusan 14 kafin atisayen kaɗai ya cire mata kilo ɗaya, wannan ma idan cin abincinta bai ƙaru ba, alhali lemon kwalba mai rabin lita ɗaya ya isa ya mayar da abin da ta ƙona a ranar. Minti 90 a mako bai kai minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara ba, balle fiye da minti 250 da Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta ambata a 2009 ga mai son raguwar nauyi mai ma'ana. Wannan ba ya nufin aikin banza ne. Macen da ta tashi daga zaman wuri ɗaya ta koma motsi sau 3 a mako tana samun ƙarfin tsoka da sauƙin numfashi, tana taimakon hawan jininta da sukarinta, idan kuma ta rage cin abinci atisayen yana hana tsokarta zubewa tare da kitsen. Nazarce-nazarcen da Richard Kreider ya jagoranta a Jami'ar Baylor sun nuna raguwar nauyi ga matan da suka haɗa zagayen da tsarin cin abinci, ko da yake adalci ne a ambata cewa kamfanin Curves ne ya ɗauki nauyinsu. Hukuncin da ya fi kusa da gaskiya shi ne gidajen sun ƙware wajen shigo da mace ta ƙofa da sa ta dawo, amma awon nauyi da na ƙugu da ake yi mata duk wata yana auna abin da yawancinsa a tukunyar gidanta ake yanke shi.

Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 rassan Amurka suka fara rufewa dubu-dubu. An cika su da yawa har suna cin kasuwar juna, da dama ba sa buɗewa da tsakar rana ko ranar Lahadi, ga gidaje masu arha irin su Planet Fitness da a lokacin yake karɓar dala 10 a wata, wanda shi ma ya keɓe wani lungu na zagayen rabin awa a cikin rassansa. Matan da jikinsu ya yi ƙarfi sun gaji da da'irar da ba ta canjawa, waɗanda ma'auni bai motsa musu ba kuma suka karaya. A 2012 kamfanin zuba jari na North Castle Partners ya saye Curves, a shekara ta gaba ya sayi Jenny Craig, kamfanin tsara abincin rage ƙiba, ya haɗa su ƙarƙashin inuwa ɗaya, matakin da ke nuna cewa masu kasuwar da kansu sun san na'ura kaɗai ba ta cika alkawarin.

Inda tsarin ya yi saiwa sosai shi ne Japan, ƙasar da ba ta da yawan masu ƙiba irin na Amurka, amma fiye da rubu'in mutanenta sun haura shekara 65. Curves ya shiga can a 2005, rassansa suka kai kusan 2,000, mafi yawan mambobinsu matan da suka wuce shekara 50 ne, abin da ke kawo su kuma shi ne zubewar tsoka da ke zuwa da tsufa, wadda ke sa hawa matakala da tashi daga zaune su yi wuya, ta kuma jawo faɗuwa da karayar ƙashi. Ga irin wannan buƙata, na'urar da ba ta sa tsamin jiki, da ɗakin da ake haɗuwa da sa'o'i a gaisa, da rabin awar da za a iya saƙalawa tsakanin cefane da girki, sun dace ba tare da an yi wa kowa alkawarin ramewa ba. A 2018 kamfanin Koshidaka, wanda ya yi suna da gidajen rera waƙa na karaoke kuma yake riƙe da rassan Japan, ya saye uwar kamfanin ta Texas, sannan a 2020 aka ware sashen Curves aka sa hannun jarinsa a kasuwar Tokyo.